Ulun merino zalla ko gauraye: abin da muka gani a ƙanƙarar bana

Bakanon Edmonton:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan shi ne sanyi na uku da nake yi a Kanada, kuma shi ne na farko da na ƙudiri aniyar ba zan daina gudun safe ba saboda ƙanƙara. Ina bin hanyoyin da ke gefen kogin North Saskatchewan sau huɗu a mako, kilomita 8 zuwa 12, kuma a watan Janairu akwai ranakun da na fita ma'auni yana nuna digiri 24 ƙasa da sifili. Tun watan Nuwamba nake gwada riguna uku na ciki, irin waɗanda ake fara sawa a jikin fata kafin a ɗora suwaita da jaket. Ta farko ulun merino ce zalla (merino wata irin tunkiya ce mai lallausan gashi), mai nauyin giram 200 a kowace murabba'in mita. Ta biyu merino ce kashi 87 cikin ɗari da nailan kashi 13, nauyinta giram 150. Ta uku kuwa rabi merino ce rabi poliyesta.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, wadda na fi kashe wa kuɗi, wato zallar, ita ce ta fi wahalar da ni. Minti ashirin na farko babu kamarta wajen ɗumi da taushi, amma da zarar gumi ya tsatso sosai sai ta yi nauyi ta manne a gadon baya, idan kuma na tsaya jiran fitilar tsallaka titi sai in ji sanyi yana bin ƙashin bayana. Mai rabi da rabin ta fi saurin bushewa, sai dai bayan fita biyu ba na iya kusantarta saboda wari. Ta tsakiyar ce nake yawan ɗauka yanzu. Ina so in ji daga waɗanda suka daɗe a irin waɗannan ƙasashe: ni ne na yi kuskuren zaɓe, ko kuwa yabon da ake yi wa merino zalla ya wuce kima? Batun safa ma ina da ƙorafi a kansa, amma bari mu fara da riga.

Hajiyar Lillehammer:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba ka yi kuskuren saye ba, ka dai sa rigar a inda ba wurinta ba ne. Giram 200 na ulu zalla kayan mai tafiyar ƙafa ne, ko mai zamiya a hankali, ko wanda zai tsaya kallon wasa. Mai gudu jikinsa murhu ne, kuma duk rigar da ta ishe ka ɗumi kana tsaye a bakin ƙofa, to ta yi maka yawa idan ka yi kilomita biyu. A nan Norwe tun daga makarantar rainon yara ake gaya wa iyaye su sa wa yaro ulu a jikin fata, kuma na raini 'ya'ya uku a kan haka, amma yaron da ke wasa cikin dusar ƙanƙara yana gudu yana zama ba ɗaya yake da kai ba. Masu tseren Birkebeiner, wanda ake yi duk watan Maris daga Rena zuwa nan garinmu, tsawon kilomita 54 a kan katakon zamiya da ake ɗaurawa a ƙafa a bi ta kan dusar ƙanƙara, da yawansu siririyar riga suke sawa, wasu ma raga ce kawai a ciki. Ka gwada fita kana ɗan jin sanyi a minti goma na farko, sannan ka dawo ka ba mu labarin zallar.

Ɗalibin Oulu:
Hajiya, da izininki zan ɗan saɓa. Ni ɗalibi ne a Finlan, kuma keke nake hawa zuwa jami'a duk tsawon sanyi kamar yadda mutanen Oulu da yawa suke yi. Rigar poliyesta zalla nake sawa, wadda kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na merino ba, kuma ban taɓa daskarewa ba. Ina wanke ta da dare, kafin asuba ta bushe. A ganina wannan maganar merino talla ce ta yi mata yawa, domin idan har sai an gauraya ulun da nailan ko poliyesta kafin ya yi aiki, ai roba ce ke yin aikin, ulun kuwa suna kawai yake ci.

Tsohon Masaƙa a Bradford:
Ɗana na Oulu, maganarka tana da ƙamshin gaskiya, amma ka haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Na yi aiki a masaƙa a Kaduna kafin in zo Ingila, a can auduga muka sani, sai da na zo wannan gari da aka gina da cinikin ulu na fahimci cewa kowane zare yana da tasa hulɗar da ruwa. Bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri.

Zaren poliyesta kusan ba ya shan ruwa a cikinsa, abin da yake riƙewa a iska ta yau da kullum bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Gumi yana bi ne ta tsakanin zaruruwan ya fita waje, shi ya sa yake bushewa da wuri. Ulu kuma yana jan tururin jiki zuwa cikin zaren kansa, har kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa, alhali bayan zaren bai jiƙe a taɓi ba, kuma a yayin da yake shan tururin yana sakin ɗan ɗumi. Wannan shi ne dalilin da ya sa mai sanye da ulu ba ya jin danshi idan guminsa kaɗan-kaɗan yake fita. Amma idan gumin ya zama ruwa mai kwarara, kamar na ɗan uwanmu na Edmonton, zaren ya ƙoshi, ragowar ruwan ya zauna a saƙar, kuma fitar da ruwan da ya riga ya shiga cikin zare yana ɗaukar lokaci. Ita kuwa auduga tana shan ruwan ta kwanta a fata ta rasa iskar da ke cikinta, don haka singiletin da muka taso da shi a gida shi ne abu na farko da ya kamata mutum ya cire a irin wannan sanyi.

Batun wari kuma, poliyesta yana son maiƙo. Man jiki yana maƙalewa a kansa, ƙwayoyin da ke kawo wari su samu abinci, kuma wanki da ruwan sanyi ba ya fitar da shi duka. Ulu yana riƙe warin a cikin zare har zuwa ranar wanki. Saboda haka ba suna kawai ulun yake ci ba, aikinsa ne daban.

Sai kuma ku lura cewa kalmar gauraye tana ɓoye saƙa iri uku. Akwai wadda ake cakuɗa gashin ulu da na roba tun kafin a kaɗa zaren. Akwai wadda ake naɗe ulu a kan siririn zaren nailan, nailan ɗin yana tsakiya kamar ƙashi, ulun ne kaɗai ke taɓa fata; ina kyautata zaton rigar Bakano mai kashi 87 da 13 irin wannan ce, domin yawanci haka ake yin su. Akwai kuma mai fuska biyu, roba a ciki ulu a waje, kamar wadda Helly Hansen ke kira Lifa Merino. A ta biyu nailan ba don bushewa aka sa shi ba, don ƙarfi ne, domin merino mai giram 150 idan zalla ne yana saurin hujewa. A ta uku kuwa an sa robar ne don ta tura gumi waje zuwa ga ulu. Wanda ya karanta kaso kawai a jikin takardar riga bai san wacce ya saya ba.

Ɗalibin Oulu:
Baba, na gode, na ƙaru. Amma har yanzu ban ga abin da zai sa ni, mai tafiyar minti ashirin a keke, in biya wannan kuɗi ba.

Tsohon Masaƙa a Bradford:
Babu abin da zai sa ka. Mai minti ashirin da zai shiga ɗaki mai ɗumi ya sauya riga, poliyesta ta ishe shi. Ranar da za ka kwana uku a daji da riga ɗaya, sai mu sake magana.

Ɗan Damagaram a Grenoble:
Ni wannan ranar ita ce rayuwata a kowane ƙarshen mako. Muna hawa duwatsun Belledonne da Chartreuse da katakon zamiya a ƙafa, mu yi awa uku muna haurawa muna gumi, sannan mu tsaya a ƙololuwa cikin iska mu cire fatun da ke manne a ƙasan katakon don hana sulɓewa baya wajen hawa, mu sha shayi, mu gangaro. Wannan tsayuwar ta minti goma sha biyar ita ce ke tona asirin kowace riga. Na gwada poliyesta, kuma gaskiya ne tana bushewa da sauri, amma saurin bushewar ne yake kwashe ɗumin jiki a lokaci guda, har haƙorana suka riƙa haɗuwa. Da ulu sanyin yana zuwa ne sannu a hankali, ya ba ni damar ciro jaket ɗin gashin tsuntsu daga jaka kafin jikina ya huce.

Abin da na zauna a kai yanzu shi ne shawarar da Hajiya ta ambata a wuce, wato raga. Ina sa rigar raga ta ulu gauraye a jikin fata, irin wadda kamfanonin Norwe kamar Brynje da Aclima suke yi, sannan siririyar merino a kanta. Ramukan ragar suna riƙe iska mai ɗumi, kuma rigar da ta jiƙe ba ta kwanciya a fata. Kamanninta dai babu kyau, ranar farko da matata ta gan ni a ciki ta tambaye ni ko kamun kifi zan tafi, amma tun da na fara sa ta ban sake rawar ɗari a ƙololuwa ba.

Bakanon Edmonton:
Hajiya, na bi maganarki. Shekaranjiya da digiri 18 ƙasa da sifili na sa zallar da jaket mai tare iska kawai, na bar suwaitar tsakiya a gida. Na ji jiki a farko, amma na dawo bayana da ɗan danshi kawai, ba sharkaf ba. Ashe rabin laifin nawa ne. Duk da haka na lura gwiwar hannunta ta fara sirancewa, kuma wani ƙaramin rami ya fito inda zif ɗin jaket yake gogarta, alhali mai nailan ɗin da na fi sawa ko alama ba ta yi ba.

To ga batun safa. Na sayi mai kauri sosai, kusan ulu zalla, ina ganin kauri shi ne ɗumi. Yatsuna sun fi yin sanyi a cikinta fiye da a tsohuwar siririyar safata, kuma kafin wata biyu dunduniyar ta huje. Sannan ta jawo mini bororo a babban yatsa.

Bazazzagiyar Ottawa:
Yaya, wannan kuskuren kusan kowa ya yi shi. Ni zamiyar takalmin ƙarfe nake yi a kan magudanar Rideau idan ta daskare, tsawonta kilomita 7.8, kuma a shekarata ta farko safa biyu nake haɗawa, ina dawowa gida yatsuna fari fat ina kuka idan jini ya fara komawa. Wata tsohuwa a rumfar sauya takalma ce ta dube ni ta ce in cire ɗaya. Safa ba ta ƙirƙirar ɗumi, jini ne yake kawo shi, ita riƙewa kawai take yi. Idan kauri ya cika takalmi har ya matse ƙafa, an tare wa jini hanya, kuma ulun da aka danne ya rasa iskar da ke tsakanin gashinsa. Gwajin da nake yi yanzu mai sauƙi ne: in ɗaure takalmi yadda zan fita, idan ban iya motsa yatsuna duka biyar ba, to safar ta yi kauri ko takalmin ya yi kaɗan.

Game da hujewa kuma, a safa ba a neman zalla ko kaɗan. Ka duba fitattun masu yin safar wasanni, irin su Smartwool da aka kafa a Steamboat Springs ta jihar Colorado a 1994, ko Darn Tough da ke saƙa tasu a Northfield ta jihar Vermont, za ka ga ulun yawanci tsakanin rabi ne da kashi biyu cikin uku, sauran nailan ne da ɗan zare mai talewa. Nailan ɗin yana dunduniya da kan yatsu inda ake guga, zaren mai talewa kuma shi ke hana safar zamewa ta tattare. Bororonka daga tattarewar ya fito, domin safar da ta saki jiki ta yi danshi tana naɗewa ta goge fata a wuri guda.

Hajiyar Lillehammer:
Haka yake. Zan ƙara abu ɗaya da ya shafe mu musamman. Wanda zai wuni a waje zai yi alwala, kuma mayar da jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa a irin wannan sanyi hatsari ne. Ulu yana haƙuri da ɗan danshi fiye da auduga, amma ba hujja ba ce ta ƙin tsane ƙafa. Ina ɗaukar ƙaramin tawul da safa ta biyu a aljihun ciki inda jiki ke ɗumama ta. Batun shafa a kan safa kuwa, mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka taso a kai ta shardanta huffi na fata, wasu malaman kuma sun yarda da safa mai kauri, don haka kowa ya tambayi malaminsa. Ni dai ta fuskar ƙafa kawai nake magana.

Ɗan Damagaram a Grenoble:
A takalmin zamiya na gangara ma haka ne, safa guda ɗaya siririya mai kaiwa ƙasan gwiwa, kuma kada a cusa ƙafar wandon ciki a cikin takalmin, domin kowane ninki zai zama ciwo a ƙwauri kafin azahar. Shi ya sa ake yin wandon ciki mai tsayawa a ƙasan gwiwa kaɗan.

Ina da tambaya ga Baba na Bradford. Ƙanwata ta ce ko merino tana sa ta ƙaiƙayi, har ta yanke hukuncin cewa jikinta ba ya karɓar ulu. Shin hakan na yiwuwa?

Tsohon Masaƙa a Bradford:
Yana yiwuwa, amma galibi ba rashin karɓar jiki ba ne, kaurin gashi ne. Ana auna gashin ulu da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gashin da ya kai wajen maikiron 30 ba ya lanƙwasawa idan ya taɓa fata, tsira yake yi kamar ƙaya, shi ne ƙaiƙayin bargon ulu na da. Merino da ake yin rigar ciki da shi yawanci tsakanin 17 da 19 ne, ya yi sirantar da zai lanƙwashe. Amma lambar da ake rubutawa matsakaici ce, kuma ulu mai araha yana iya ƙunsar kauraran gashi jefi-jefi waɗanda suka isa su dami mai laushin fata. Ta gwada mai maikiron 17.5, ko mai fuska biyu da roba ke taɓa jiki. Kada kuma a manta cewa iskar ɗakunan da ake ɗumamawa tana busar da fata kamar hunturu, kuma busasshiyar fata komai ya taɓa ta ƙaiƙayi take yi, don haka ta fara da shafa mai.

Wannan siranta ita ce dukiyar tunkiyar merino tun asali. Daga Sifen ta fito, kuma sarakunan can sun daɗe suna hana fitar da ita har zuwa ƙarni na 18. Ta isa Ostareliya a 1797 ta hanyar Afirka ta Kudu, yau kuma Ostareliya ce kan gaba a duniya wajen samar da lallausan ulu. Tumakinmu na gida, Uda da Balami da 'Yankasa, gashi gare su ba ulu ba, shi ya sa ba mu gaji sanin kula da wannan kaya ba, kuma a wajen wanki ne mutanenmu suka fi yin asara.

Bazazzagiyar Ottawa:
Baba, ka taɓo inda yake mini ciwo. Na jefa rigata ta farko a injin busarwa da zafi, ta fito daidai jikin 'yata mai shekara bakwai.

Tsohon Masaƙa a Bradford:
Allah ya mayar da alheri, 'yata. Gashin ulu yana da ɓawo-ɓawo a bayansa, idan zafi da danshi da jujjuyawa suka haɗu sai ɓawon ya sarƙe da juna, rigar ta tsuke, kuma ba ta komawa. Yawancin merino na wasanni an yi masa magani don ya jure injin wanki, amma ba a yi shi don zafin injin busarwa ba. A wanke a digiri 30, a juya cikin rigar waje, a rufe duk wani zif da ke cikin injin, a shimfiɗa ta ta bushe a kwance. Abu mafi muhimmanci da mutane ba su sani ba shi ne sabulu. Yawancin garin sabulun zamani yana ɗauke da sinadarin da ke narkar da tabon jini da ƙwai da nama, to shi ulu da gashin kanmu abu ɗaya ne, furotin ne, saboda haka sinadarin yana cin zaren a hankali a kowane wanki. Bakano, kafin ka ɗora laifin ramin rigarka a kan zif kaɗai, duba sabulunka. A nemi wanda aka rubuta na ulu ne, a guji ruwan tausasa tufafi da bilic. Idan sanyi ya wuce kuma a wanke kafin a adana, a sa a jaka mai rufewa ruf, domin asu ya fi son ulun da ke da ragowar gumi.

Hajiyar Lillehammer:
Kuma a rage yawan wankin ma. Nawa ina rataye su a baranda su sha iska su kwana, sai an sa su sau huɗu ko biyar kafin su ga ruwa, banda safa.

Akwai wani abu da nake dubawa kafin in saya, tun da mu mutane ne da aka hore mu da tausayin dabba. A wasu gonakin Ostareliya ana yanke fatar da ke kewayen gindin ɗan rago don hana ƙuda yin tsutsa a wurin. Niyu Zilan ta haramta wannan tun watan Oktoba na 2018, kuma kamfanoni da yawa yanzu suna rubuta a jikin kaya cewa ulunsu bai fito daga irin waɗannan tumaki ba. Ba na ɗora wa kowa, amma ni ina karanta takardar.

Ɗalibin Oulu:
Na ji duka, kuma a kan riga ina nan a kan bakata har in gama karatu. Amma safa kun ci ni. Jiya na cire ta biyun da nake ɗorawa, na sassauta igiyar takalmi, na isa jami'a ina jin yatsuna a karon farko tun Disamba. Zan sayi gauraye ƙafa biyu idan an yi ragin ƙarshen sanyi.

Bakanon Edmonton:
Baba, na duba kwalin sabulun, kuma sinadarin da ka faɗa yana nan a rubuce, wata uku ke nan ina wanke rigunan da shi. Na sayo na ulu yau da yamma. Zallar zan ɗinke raminta in mayar da ita ta tafiyar ƙafa da zuwa masallacin Juma'a, mai nailan ɗin ta ci gaba da gudu. Ɗan uwana na Grenoble, ragar nan taka, ana sayen daidai jiki ne ko ana ƙara lamba ɗaya? An ce mako mai zuwa za mu kai 30 ƙasa da sifili, kuma ina so in gwada ta kafin nan.

Ɗan Damagaram a Grenoble:
Daidai jiki, har ma ta ɗan kama ka, domin idan ta yi yawa ramukan ba sa riƙe iska. Ka nemi mai saƙa rufaffiya a kafaɗa idan kana goya jaka, in ba haka ba igiyar jakar za ta buga maka zanen raga a fata har washegari.